Tambaya da Amsa: Jakadancin Najeriya da Nijar, Daga Dutsen Iyaka Zuwa Yau

Wasiƙu huɗu suka haɗu a teburina a watan nan. Masu su ba su san juna ba, amma duk rijiya ɗaya suke leƙe: jakadancin da ke tsakanin Najeriya da Nijar. Na jera su wuri guda don amsar wata ta tallafi wata. Gara kuma in faɗa tun farko cewa ni ba ɗan kallo ba ne a wannan magana. Mahaifina mutumin ƙasar Daura ne, mahaifiyata kuwa 'yar Tasawa, saboda haka duk ranar da aka ja sarƙa a Kongolam, a tsakar gidanmu ake jin ƙararta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, shekara goma sha tara ina jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Da aka rufe iyaka a 2023 motata ta yi kusan wata takwas a fake, har tayoyinta suka tsage. A tasha mun sha gardama: wasu na cewa ƙasashen biyu sun yanke hulɗa an kori jakadu, wasu na cewa ba a taɓa yankewa ba. Don Allah wanne ne gaskiya, kuma tun yaushe muke da jakada a tsakaninmu?
Daga wani direba a Jibiya

AMSA: Wa alaikumus salam Malam direba. Allah ya mayar maka da abin da ka rasa a watannin nan, ya sa albarka a abin da ya rage. Ka koma tasha ka shaida wa abokan gardamarka cewa ba a yanke hulɗa ba. An yi fushi, an ɗaga murya, an rufe iyaka, an yanke wuta, amma ofishin jakadancin Najeriya a Yamai bai sauke tuta ba, na Nijar a Abuja ma haka.

Abin da ya rikita mutane shi ne abubuwa sun zo a jere cikin wata guda. Sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Ranar 3 ga Agusta suka karanta sanarwa a talabijin cewa sun sauke jakadun Nijar a ƙasashe huɗu: Najeriya, Togo, Faransa da Amurka. Ka lura, nasu jakadan suka sauke, ba namu suka kora ba. Wanda aka kora shi ne na Faransa, Sylvain Itté, da aka ba awa 48 ranar 25 ga Agusta, ya yi ta turjiya sai ƙarshen Satumba ya fita. A daren da aka ba shi wa'adin ne wasu takardu suka bazu a wayoyi, wai an kori na Najeriya da na Jamus da na Amurka, hukumomin Yamai suka ce ba daga gare su suka fito ba. Na tabbata daga nan gardamar tasharku ta samo tushe. Sai kuma ranar 2 ga Satumba Shugaba Tinubu ya kira jakadun Najeriya na ƙasashen duniya su dawo gida. Wannan ba don Nijar aka yi ba, amma ya faɗo a mummunan lokaci, domin an haura shekara biyu ba a maye gurbinsu ba.

Idan babu jakada, mai riƙo ake bari. Bambancinsu ba ƙarami ba ne. Jakada, sai ƙasar da za a tura shi ta amince da sunansa tukuna, in ya isa ya miƙa takardar kama aiki hannu da hannu ga shugaban ƙasa, daga ranar kuma da bakin shugabansa yake magana. Mai riƙo iyakarsa ma'aikatar harkokin waje. Kamar mai mota ne ya yi tafiya ya bar wa yaron mota makulli: zai yi lodi, zai karɓi kuɗin fasinja, amma ba shi zai yanke maganar sayar da motar ba.

Tun yaushe? A takarda, tun 1960. Nijar ta karɓi 'yancin kai ranar 3 ga Agusta, Najeriya ranar 1 ga Oktoba, ƙasa da wata biyu tsakani. Kafin nan, in magana ta taso tsakanin Katsina da Maraɗi, garuruwan da kai kake haɗawa kafin shayinka ya gama sauka, to a ƙa'ida sai ta bi ta Landan da Paris. Su suka shata iyakar ma. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a taswira daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransawa suka gwada bin hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram, suka tarar ba rijiyoyi, raƙuma da mutane na mutuwa da ƙishi. Shi ya sa a 1904 suka nemi a matsa da layin kudu. Ka san abin da suka bayar a madadi? Haƙƙin kamun kifi da suke da shi a gaɓar wani tsibiri mai suna Niyufanlan, wanda yau yake cikin Kanada. Da kifin tekun da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba aka daidaita inda Birnin Ƙonni da Tibiri da Maraɗi za su faɗa. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi 148, aka sa hannu a 1910. Iyakar ke nan mai tsawon kusan kilomita 1,500, jihohi bakwai a kudu, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, suna kallon Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Difa.

Ina yaro na ga ɗaya daga cikin alamomin nan a gefen gonar wani kawuna. A jikinsa yake jingina galma in ya zauna shan fura. Gero ɗaya yake shukawa gaba da bayansa.

Shekarun farko, jakadu na zaune a Legas da Yamai, amma maganar gaske tsakanin Shugaba Diori Hamani da gwamnatin Sardauna a Kaduna take gudana. Suna da damuwa iri ɗaya: 'yan jam'iyyar adawa ta Sawaba ta Djibo Bakary, da aka haramta a Nijar, suna da alaƙa da 'yan NEPU a Kano. Da Sawaba ta ɗauki makami a 1964, gwamnatin Arewa bayan Diori ta tsaya.

Diori kuwa ya rama wa Najeriya alheri a lokacin da take tsananin buƙata, kuma ina so matasa su riƙe wannan. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Faransa ta Janar de Gaulle ta karkata ga Biyafara. Houphouët-Boigny na Kodebuwa, uban tafiyar Diori a siyasa, ya amince da Biyafara a matsayin ƙasa a 1968, haka Gabon da Tanzaniya da Zambiya. Nijar ƙasa ce matalauciya wadda kasafin kuɗinta ke jingine da Paris, amma Diori ya ƙi bin sahu. Yana cikin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta naɗa su sasanta, tare da Haile Selassie, Tubman na Laberiya, Ankrah na Ghana, Ahidjo na Kamaru da Mobutu. A watan Yuli 1968 Yamai ce ta karɓi zaman da Gowon ya je, Ojukwu ma ya je bayansa da 'yan kwanaki. Zaman bai kawo ƙarshen yaƙin ba, amma ya nuna cewa ɓangarorin biyu sun yarda su taka ƙasar Nijar. Ba na cewa don zumunci kaɗai Diori ya yi haka. Gyadar Nijar ta jirgin ƙasan Kano take bi zuwa teku, shanunta a kasuwannin kudu ake sayar da su. Amma sanin inda amfaninka yake, da tsayawa a kai alhali mai ba ka abinci na hararar ka, shi ma jarumta ce.

Bayan yaƙi ne aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar a 1971, hedikwatarta a Yamai. Ita ce tukunyar da aka dafa yawancin abin da muka ci moriyarsa: layin wuta daga Kainji ta Birnin Kebbi zuwa Yamai a tsakiyar shekarun 1970, da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan Maggiya da Gulbin Maraɗi da Tagwai da Komadugu Yobe. An daɗe ana fahimtar cewa wutar nan ba kyauta ba ce, musaya ce: Najeriya ta ba da lantarki, Nijar kuma kada ta datse kogin Kwara daga sama har Kainji ta rasa ruwa. A 1975 aka kafa ECOWAS a Legas, wadda ake kira CEDEAO a Nijar, a 1979 kuma aka amince ɗan ƙasa ya shiga ƙasar ɗan'uwansa ya yi kwana 90 ba biza.

To amma takarda ba ta taɓa hana a ja sarƙa ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, 'yan Nijar da yawa na ciki. A Afrilu 1984 Janar Buhari ya canja kuɗi ya rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986 zamanin Babangida. Sai rufewar ta haɗu da fari. Lokacin ina sabon malamin firamare a wani ƙauye kan hanyar Magarya. Wani dare na bazarar 1985, bayan isha, wata tsohuwa ta yi sallama a gidan da nake haya, da jikarta a goye, da ƙwarya a hannu. Ta ratso daji ne don kauce wa masu tsaron iyaka. Ba hatsi ta roƙa ba, dusa ta roƙa, ta ce dabbobin da ake ba dusa sun ƙare, yanzu ta mutane ce. Da matar mai gidan ta zubo mata tuwo, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da takardun naira a nannaɗe, kuɗin awakinta da ta sayar tun bara, tana so ta biya. Tsofaffin kuɗi ne. Wa'adin canja su ya wuce tun shekara guda, tana can ƙetare ba wanda ya gaya mata. Muka yi shiru, ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa mata a daren. Har yau a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram sunan wannan yunwa El Buhari. Fari daga Allah yake, amma rufe hanyar hatsi aikin hannun mutum ne.

Shi dai Buharin, da ya dawo a 2015, Yamai ce ƙasar waje ta farko da ya taka, shi ya aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 a 2021, shi kuma ya sake rufe iyaka a Agusta 2019. Illela da Maigatari suka buɗe a Disamba 2020, taku ta Jibiya sai Afrilu 2022, wannan ka fi ni sani.

Ra'ayina kan 2023 ba na ɓoye shi. Kifar da zaɓaɓɓen shugaba da tsare shi da mai ɗakinsa zalunci ne. Yanke wuta ga ƙasar da kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga gare mu yake zuwa, shi ma kuskure ne babba, domin ba fadar shugaban ƙasa ce ta kwana a duhu ba, mai niƙa ne da mai walda da mai sayar da ƙanƙara. An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe iyaka 13 ga Maris, Nijar ta bi bayan kwana tara. Amma tabon bai warke ba. A Disamba 2024 ministan harkokin wajen Nijar, Bakary Yaou Sangaré, ya kira mai riƙon ofishinmu ya miƙa koke, Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, kuma ya fito a talabijin ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa. Da Hausa ya yi zargin, da Hausa Malam Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, ya mayar masa da martani a BBC. Sai Afrilu 2025 Yusuf Tuggar, ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, ya je Yamai, suka zauna da takwaransa, suka amince a farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwar nan ta 1971. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk tsawon wannan sa-in-sa, kujerar jakadanmu a Yamai fanko take. Da akwai dattijo mai nauyi a kanta, wanda zai iya ɗaga waya da tsakar dare a amsa masa, da wasu maganganun ba su kai gidan rediyo ba.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni ɗaliba ce a jami'a a Damagaram. Wani malaminmu ya ce diflomasiyya Turawa suka kawo mana ita, kafin su sai yaƙi da hari. Raina bai kwanta da maganar ba, amma ba ni da hujja. Ka taimake ni.
Daga 'yarka a Damagaram

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ki girmama malaminki, amma ki tambaye shi cikin ladabi: in Turawa suka kawo abin, ina muka samo kalmar jakada? Abin da mutane ba su sani ba, ba sa raɗa masa suna. Kalmar ta girmi zuwan Nasara. A ƙasar Kano hakimai a birni suke zaune, kowane yana da jakadu da ke zuwa garuruwansa su kai umarni su karɓo haraji, har sai da Turawa suka tilasta wa hakimai komawa gundumominsu. A cikin gidan sarki kuma akwai jakadiya, mace mai shiga inda namiji ba ya shiga, mai ɗauko magana daga turaka zuwa zaure. Da aka zo neman sunan wakilin ƙasa a wata ƙasa, ba a yi aro ba, hannu kawai aka miƙa cikin rumbu.

Daular Sakkwato tana da tsarin da ake kira ƙofa. Sarkin Kano ko na Zazzau ba ya faɗa wa Sarkin Musulmi kai tsaye da buƙata, akwai babban bafade da ke zaman ƙofarsa, ta hannunsa wasiƙa ke shiga, a gidansa manzanni ke sauka. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ke riƙe da manyan masarautun gabas, shi ne kuma ya sauki Bature Clapperton a 1824. A wasiƙar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton ya kai wa Sarkin Ingila George na huɗu, ya nemi a aiko masa da wakili mai zama da kuma likita. Wato sarkinmu ne ya nemi a buɗe ofishin wakilci, shekara 136 kafin 'yancin kai. Ki kuma nemi wasiƙun da Bello da Shehu al-Kanemi na Borno suka yi musaya kan halascin jihadi, suna cikin Infaƙul Maisuri. Dauloli biyu na gaba da juna, amma suna muhawara da alƙalami, manzo na tafiya ya dawo lafiya.

Sai dai kada ki wuce gona da iri ki ce zaman lafiya kawai aka yi. Malaminki na da rabin gaskiya. Maraɗi kanta yaƙi ya haife ta: sarakunan Katsina na Haɓe ne da jihadi ya kora suka kafu a can wajen 1819, shi ya sa har gobe sarautar Sarkin Katsina ake kiranta. A Gawakuke a 1836 Bello ya gwabza da taron dangin Gobir da Maraɗi da Abzinawa. Garinku ma, Damagaram, gaisuwa take kai wa Kukawa, ba Sakkwato ba, Sarki Amadu Kuran Daga kuma ya kawo yaƙi har Gezawa, bakin Kano, zamanin Sarki Alu. Amma ko ana cikin haka ayarin gishiri daga Bilma bai daina sauka Kano ba, turkuɗin Kura bai daina hawa Agadas ba. Wa ke kula da baƙon? Fatoma da sarkin zango. Su ke saukar da shi, su yi masa tafinta, su tsaya masa in ya shiga rigima, in ya mutu su tattara kayansa su aika wa magada. Ki ɗauko yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan ƙananan ofisoshin jakadanci ki karanta ayyukan da ta lissafa, za ki ga sarkin zango a tsaye a ciki.

Hujjarki mafi kusa kuwa a kan idonki ta faru. Ranar 3 ga Agusta 2023 tawagar ECOWAS, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ta sauka Yamai da takardar hukuma a hannu. Ba ta wuce filin jirgi ba, ba ta ga Tiani ba, cikin dare ta juyo. Abdulsalamin nan fa ba baƙo ba ne, shi ya shiga tsakani a rikicin tazarcen Shugaba Tandja na Nijar a 2009. Ranar 9 ga wata Muhammadu Sanusi na biyu ya je ba da sunan gwamnati ba, da rakiyar Sarkin Damagaram, aka buɗe musu ƙofa. Ranar 12 malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka je, suka zauna da Janar ɗin na sa'o'i. Bayan haka ne Abdulsalami ya koma ranar 19, ya ga Tiani, ya ga Bazoum. Sarkinku ne ya zama ƙofa, daidai yadda ake yi shekara 200 da suka wuce.

Na ji masu cewa ai wannan ya nuna ba ma buƙatar jakadu, rawani da carbi sun wadatar. Ban yarda ba. Sarki da malami na iya buɗe ƙofar da ta cije, amma ba su za su zauna shekara da shekaru suna bin takardar rabon ruwan Gulbin Maraɗi ba, ba su za su je kurkuku duk wata su duba ɗan ƙasarsu da aka tsare ba. Kowa da aikinsa.

TAMBAYA: Malam, me ya sa wakilin Najeriya a Ghana ake ce masa Babban Kwamishina, na Nijar kuma Jakada? Wani ya fi wani ne?
Daga wani mai karatu a Kumasi

AMSA: Ba wanda ya fi wani, ɗan'uwa. Ƙasashen ƙungiyar renon Ingila in sun tura wa junansu wakili, Babban Kwamishina suke kiransa, al'ada ce tun lokacin da duk sarki ɗaya suke bi, aka ga bai dace sarki ya tura wa kansa jakada ba. Nijar ba ta cikin ƙungiyar, don haka jakada ake tura mata. Kamaru da ta shiga a 1995 sunan ya canja, haka Togo da Gabon a 2022. Aiki ɗaya ne, daraja ɗaya, kariya ɗaya ƙarƙashin yarjejeniyar Biyana ta 1961.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. 'Yata na aure a Tawa, ta haihu, ina so in je in ga jikana. Ana ta tsorata ni cewa tunda Nijar ta fita daga ECOWAS sai da biza. Na ji akwai ofishin Nijar a nan Kano. Can zan je? Kuma jaririn ɗan wace ƙasa ne?
Daga wata Hajiya a Fagge, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel, AES, a Satumba 2023, suka sanar da ficewa a Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Amma kafin ranar ƙasashen uku sun sanar cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, ita ma ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar nasu mutanen haka har sai an sake shawara. Tunda magana ce ta "har sai an sake shawara", ki aiki ɗanki ƙaramin ofishin jakadancin Nijar na nan Kano ya tambayo halin da ake ciki a satin da za ki tashi, kada ki dogara da labarin tasha. Abin da na ga ya canja da idona a tafiyata ta baya zuwa Tasawa shi ne bincike. Da, gaisuwa da faɗin sunan unguwa na iya wuce da mutum. Yanzu jandarma na karɓar takarda ya juya ta gaba da baya, ya dubi hoto ya dubi fuska. Ki riƙe fasfo mai rai, da katin rigakafin shawara, ki kuma rubuta lambar surukinki da sunan unguwarsu a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Ofishin Kano babban aikinsa kula da 'yan Nijar mazauna nan ne: katin shaidar zama, takardar komawa gida ga wanda ya ɓatar da tasa, tsayawa wanda aka kama, rakiyar gawa. Ita 'yarki kuwa, gidanta na hukuma shi ne ofishin jakadancin Najeriya a Yamai, ya kamata sunanta ya shiga rajistarsu. A nan ne takaicina yake. Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, alhali daga Tawa zuwa Ƙonni, inda ana hango Illela, bai fi rubu'in haka ba. Maraɗi ta fi kilomita 600 daga Yamai, Damagaram wajen 900, Difa ta haura 1,300. Mutanen da suka fi buƙatar ofishin su suka fi nisa da shi. In Hukumar Haɗin Gwiwa za ta farfaɗo da gaske, ina roƙon ta fara da matso da waɗannan ayyuka kusa da garuruwan iyaka, ta ɓangarorin biyu.

Batun jikanki kuwa, ki kwantar da hankali. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan Najeriya ne ta haihuwa, uwa ko uba duk ɗaya. Ta wajen mahaifinsa kuma ɗan Nijar ne. Abin da zan roƙe ki shi ne kada ku yi sakaci da takardar haihuwa. A karɓo ta a magajin garin Tawa tun jaririn na cikin tsumma, a yi kwafi biyu, ki taho da ɗaya Kano ki adana a ƙasan akwati. Na san yaran da suka kai shekarun jarrabawa ba su da takardar ko ɗaya daga ƙasashen biyu, saboda iyaye sun ɗauka gida gida ne.

Kina iya bi ta Sakkwato da Illela. Ki yi sammako don ki ƙetare kafin la'asar, ki canja kuɗin mota zuwa sefa tun a Illela. In kin isa ki gaishe mini da mai jego, ki shafa mini kan angon.